Tsutsa a kabejin lambun gida: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa dasa kabeji a bayan gida ya san takaicin fitowa da safe ya tarar ganye ya koma kamar rariya. Ga amsoshin tambayoyin da masu ƙananan lambuna suka fi yi.

Daga ina wannan tsutsa take fitowa?

Daga ƙwai. Wasu ƙananan ƙwari masu fukafukai, dangin malam-buɗe-littafi, su ke zuwa da magariba su saka ƙwai a jikin ganye, galibi ta ƙarƙashi. Wadda ta fi addabar kabeji ita ce masana ke kira Plutella xylostella. Tsutsarta koriya ce siririya, da ƙyar take kai santimita 1. Ka taɓa ta da yatsa, sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta saki ganyen ta rataye da zare irin na gizo-gizo. Tana ƙanƙare ganye ta ƙasa ta bar fatar sama shara-shara, daga baya wurin ya huje. In da zafi, daga ƙwai zuwa uwa mai saka wani ƙwan bai wuce mako biyu zuwa uku ba. Shi ya sa ɓarnarta ta fi tsanani a noman rani, don ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe ƙananan tsutsotsin ya kashe su.

Dashena ya yi kawuna ƙanana uku maimakon ɗaya. Me ya jawo?

Wannan yawanci aikin wata tsutsa ce daban, Hellula undalis. Ita ba ruwanta da faɗin ganye, tsakiyar tsiro take nufa, ta huda ta shige, ta rufe bakin ramin da saƙa da kashinta. Da zarar ta cinye zuciyar, kabejin ba zai ƙulla kai na kirki ba. Tun a wurin reno take fara kama shi, saboda haka kafin ka dasa, duba tsakiyar kowane tsiro. Wanda ka ga ɗigon kashi da saƙa a zuciyarsa, kada ka ɓata masa taki da ruwa, cire shi.

Sai na yi feshi, ko akwai wata hanya?

A lambun da bai wuce gindi 30 ko 50 ba, hannunka ya fi famfon feshi aiki, kuma wannan shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Sau biyu a mako, da sanyin safiya, tsuguna ka ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga ɗigo-ɗigon kashi kore ko baƙi a kwarin ganye, mai shi tana kusa. Tsince ta ka jefa a gwangwani, ka kai wa kaji. Ƙwan da ka gani a dunƙule, murje shi da babban yatsa. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne daga dashe zuwa sa'ad da ganyen tsakiya ya fara naɗewa. In tsutsa ta riga ta shige cikin kan, babu maganin da zai iske ta, sai dai ka yanka ka tarar da ramuka da ƙazanta.

Wurin reno kuwa, lulluɓe shi da raga mai ƙananan idanu, ka danne gefuna da ƙasa. Amma kada ka ɗauko gidan sauron da aka raba a asibiti, akwai magani a jikinsa, kuma amfaninsa yana kan gadon yara.

Da gaske darbejiya tana magani?

Tana yi, amma 'ya'yan sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsinci nunannun 'ya'yan, wanke, shanya a inuwa, ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki. Daka rabin kilo a turmi, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Kashegari tace da ƙyalle mai laushi, ka narkar da ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye, tunda ganyen kabeji santsi gare shi, ruwa ba ya zama. Yi feshin da la'asar sakaliya, rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ka jiƙa ƙarƙashin ganye sosai. Kada ka sa ran ganin tsutsa ta zube nan take. Darbejiya hana ta ci take yi, ta hana ta girma, sai bayan 'yan kwanaki ta mutu. Maimaita duk mako, ka dakata in saura mako guda a yanka saboda ɗaci.

Wane magani zan nema a shago?

Tambayi mai ɗauke da Bacillus thuringiensis, ana rubuta Bt a jikin kwalin. Ƙwayar bakteriya ce da ke lalata cikin tsutsa idan ta ci ganyen. Takan daina ci cikin sa'o'i, ta mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Bt ba ta cutar da mutum ko ƙudan zuma, kuma ta fi kama ƙananan tsutsotsi.

Na fesa maganin ƙwari mai ƙarfi, amma tsutsa sai ƙaruwa take. Jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba ne. Plutella ta yi suna wajen sabawa da guba. Tun 1953 aka gano maganin ƙwari na DDT ya daina kashe ta a tsibirin Jawa na Indonesiya. Ga kuma wata asarar: maganin yana kashe gizo-gizo da zanzaro, alhali zanzaro tsutsa yake kamawa ya cusa a ɗakinsa na laka don ciyar da 'ya'yansa. Ka kashe su, tsutsa ta samu fili. In dole sai ka yi amfani da shi, kada ka nace wa iri ɗaya, kuma ka kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da yanka. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci lambu. Kabeji ɗanye muke yankawa a kwaɗo da salak, yara su ci.

Bayan na yanke, me zan yi da kututturen?

Tumɓuke shi ranar, ka tattara da tsofaffin ganye ka ba awaki in ba a fesa musu guba ba, ko ka binne. Barinsa yana toho kiwon tsutsa ne don dashe na gaba. A wannan kwamin kuma, bi da albasa ko karas kafin kabeji ya dawo.