Waiwaye: Daga Sarkin Magina Zuwa Ƙungiyoyin Magina Na Jos

A ƙasar Hausa gini sana'a ce ta gado mai sarautarta. Sarkin Magina shi ne yake raba aiki, ya sasanta magini da mai gida, kuma shi yake tara jama'arsa bayan damina domin yaɓen ganuwa da fada da masallaci. Daga irin wannan tsari ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya fito, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, da tubali da azara da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi. Mutanen Jos ba sa bukatar doguwar tafiya kafin su ga irin wannan aiki, domin akwai kwatankwacin masallacin a sashen gine-ginen gargajiya na gidan tarihin Jos, wanda Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952.

Sai dai Jos ba ta gaji wannan tsari yadda Kano da Zariya suka gada ba. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan tun farkon ƙarni na 20, kuma maginin da ya zo daga Kano ko Bauchi ya tarar da birkila da kafinta daga Kudu, ya tarar da siminti da kwanon rufi, ga kuma kamfanonin Turawa masu biyan lada da kuɗi. Baƙo a bariki ba shi da dangin da za su ɗauke shi idan ya faɗo daga kan gini, saboda haka abokan sana'a suka zama dangi. Wannan shi ne tushen ƙungiyoyin magina na unguwanni da ake gani a yau.

Ayyukansu na shekara ba su da hayaniya, amma suna da nauyi. Akwai kuɗin wata-wata da adashi, akwai gudummawar biki da suna da rasuwa, akwai kuɗin asibiti ga wanda bulo ya faɗo wa ko rodi ya soke shi. Lokacin azumi da Sallah akan kai ɗan hatsi gidajen marayun abokan aiki. Abin da ya fi waɗannan duka a wajena shi ne aikin gayya, inda magina suke ba da ranar hutunsu su ɗaga katangar maƙabarta ko su yi wa ajin Islamiyya fulasta ba tare da karɓar ko sisi ba. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, ya kuma ga ambaliyar unguwar Rikkos ta 2012, ya san darajar mutumin da zai zo da cokalinsa ya tayar wa gwauruwa ɗaki.

A ɓangaren masu ilimin zamani kuwa, an kafa Cibiyar Magina ta Nijeriya, NIOB, a 1967, sannan dokar 1989 ta kafa hukumar CORBON mai yi wa magina rajista. Bayan benen da ya rufta kan ƴan makaranta a Ita-Faaji ta Legas ranar 13 ga Maris, 2019, cibiyar ta mayar da wannan rana Ranar Magina, inda ake wayar da kan jama'a game da ingancin gini. Abin takaici shi ne, wannan wayar da kai ba kasafai take kaiwa ga birkilan da yake tsaye a bakin titi da sassafe yana jiran aiki ba, alhali shi ne yake kwaɓa siminti da hannunsa.

Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Tun daga ranar nake ganin cewa taron shekara na kowace ƙungiyar magina a Jos ya kamata ya wuce lissafin adashi da zaɓen shugabanni. Kowane magini ya san mai gidan da yake cewa a ƙara yashi a rage siminti, ko a ɗora bene a kan harsashin da ba a haƙa domin bene ba, kuma mutum ɗaya mai iyali ba ya iya ƙin aikin, domin wani zai karɓa kafin azahar. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya cewa duk wanda ya karɓi irin wannan aiki ya fita daga cikinta, ta kuma ciyar da wanda ya ƙi har ya sami wani. Haka nan yaye yara: kada a miƙa wa yaro cokali da igiyar awo sai dattawan sana'a sun gwada aikinsa, kuma tunda hedikwatar hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 domin koyar da sana'o'i, tana nan cikin Jos, shugabannin magina suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa domin yaransu su sami takardar shaida.