Gyaran kangayen Rumawa

Gyaran kangayen Rumawa shi ne aikin tokarewa, ko faci, ko sake ɗaga gine-ginen da daular Rum ta bari bayan rushewarta. Masana kayan tarihi da magina sun fi shekara 200 suna jayayya a kan inda wannan aiki ya kamata ya tsaya. Mafi yawan hujjojin ɓangarorin biyu ana ganinsu a jikin gine-gine biyu da ke kusa da juna a tsakiyar birnin Rum: Kolosiyam, babban filin kallon wasanni na Rumawa, da Ƙofar Titus, wata ƙofa mai baka da aka gina don tunawa da sarki Titus.

Yadda aka gina su

Ƙarfin ginin Rumawa ya dogara ga abu biyu, baka da kankare. Kankarensu haɗi ne na farar ƙasa da tsakuwa da tokar dutse mai aman wuta, wadda ake kira fozolana, daga sunan garin Pozzuoli da ke kusa da Nafoli. Da shi aka zuba ƙubbar Fantiyon, wani tsohon ɗakin bauta a birnin Rum, a zamanin sarki Hadiriyan, wajen shekarar 125 miladiyya. Faɗinta mita 43 da ɗoriya, babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma tana nan tsaye. Abin da ya cece ta shi ne ba a taɓa daina amfani da ginin ba, domin an mayar da shi coci tun 609.

Kolosiyam bai samu wannan gata ba. Sarki Besfasiyan ne ya fara shi wajen shekarar 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a 80. Tsawonsa kusan mita 189, faɗinsa 156, tsayinsa 48, yana da ƙofofi 80, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kusan dubu 50. An ɗora manyan duwatsun bangon waje ba tare da laka ba, sai maƙalan ƙarfe da ke riƙe su. Ramukan da suka cika jikin ginin yau, kamar zanzana, gurbin waɗannan ƙarafa ne da mutanen baya suka ƙwaƙule suka narkar. Girgizar ƙasa ta 1349 ta zubar da bangon kudu, daga nan wurin ya zama mahaƙar dutse ta kyauta, aka riƙa jidar kayansa ana gina fadoji da coci-coci. Sai a 1749 Paparoma Benedict na 14 ya keɓe shi a matsayin wuri mai tsarki, jidar ta tsaya.

Hanyoyi biyu a gini ɗaya

Farkon ƙarni na 19 bakin bangon da ya rage ya fara kwancewa. Wajen 1807 maginin Paparoma Pius na 7, Raffaele Stern, ya gina ƙaton tokari na jan bulo a gefen gabas. Bai miƙe komai ba. Ya cike bakunan ƙarshe da bulo yadda ya same su, har yanzu mai kallo zai ga duwatsun tsakiyar baka sun zame ƙasa, an kama su a daidai lokacin da za su faɗi. Shekaru kusan ashirin bayan haka Giuseppe Valadier ya tokare ɗaya gefen ta wata hanya dabam: ya sake gina bakuna da siffar na asali, amma da bulo maimakon dutse.

Valadier ɗin ne kuma ya kammala gyaran Ƙofar Titus wajen 1821. A lokacin tsakiyarta kaɗai ta rage, maƙale a cikin ganuwar wani gidan sarauta na tsakiyar zamani. Ya warware ta, ya sake haɗawa, ya cike gefunan da suka ɓata da tarabatin, wani irin dutsen farar ƙasa, maimakon marmara, ya bar sabbin ginshiƙan sumul ba tare da sassaƙa ba. Daga nesa ƙofa ce cikakkiya, da an matso kuma ido zai raba tsoho da sabo. Wannan aiki shi ne mafi kyawun amsar da aka bayar ga tambayar har yau, don bai bar ginin ya faɗi ba, bai kuma yaudari mai kallo ba.

Masu so da masu ƙi

Bafaranshen magini Viollet-le-Duc yana ganin halal ne a mayar da gini cikakke, ko da cikar da bai taɓa samu ba a wani zamani. Baturen Ingila John Ruskin ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin hallakar da ta fi rushewa muni, tunda hannun magini na farko ba ya dawowa. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta shiga tsakani. Ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma a wuraren haƙar kayan tarihi abin da aka yarda kawai shi ne sake haɗa guntayen asali da aka samu a ƙasa, tare da bambanta duk wani sabon abu da aka ƙara. Da wannan hanya aka ɗaga fuskar ɗakin karatun Selsus a Afisa ta Turkiyya tsakanin 1970 da 1978.

Akwai kuma siyasa, wadda ba ta cika fitowa a bakin masu gyara ba. A 1932 Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya buɗe babban titi daga dandalin Venezia zuwa Kolosiyam, bayan ya rushe unguwannin da mutane ke zaune a ciki, ya binne wani sashe na tsofaffin dandalin sarakuna ƙarƙashin kwalta. A Libiya ma, a shekarun 1930 ne Italiyawa 'yan mulkin mallaka suka sake ɗaga gidan wasan Sabrata, suna nuna kansu magadan Rum a Afirka.

Tsaftacewa ita ma tana da asara. Wani likita Bature, Richard Deakin, ya ƙidaya irin tsirrai 420 a cikin Kolosiyam a 1855; bayan 1870 hukuma ta tuge su saboda saiwoyinsu na tsaga bango.

Halin da ake ciki

Kamfanin takalma na Tod's ya ba da Yuro miliyan 25, aka fara wanke bangon Kolosiyam da ruwa a 2013, aka gama sashen farko a 2016, sannan aka buɗe ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ga baƙi a 2021. A 2021 ɗin ne kuma gwamnatin Italiya ta zaɓi tsarin sabon daɓen katako mai buɗewa da rufewa. Masu goyon baya sun ce zai kare ɗakunan daga ruwan sama, ya kuma ba mutum damar tsayawa inda 'yan dambe da takobi suka tsaya. Masu suka suna tsoron wurin zai koma dandalin bukukuwa, kuma daɓen zai rufe lungunan da aka sha wahalar tonowa a ƙarni na 19 da na 20.