Sukarin da ke jikin sel da aikinsa a garkuwar jiki

Kusan kowane sel a jikin mutum, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da suka haɗu suka gina jiki, lulluɓe yake da sarƙoƙin sukari, ba wai na shan shayi ba fa, wasu ne da ke manne a bangon sel da kuma tsakanin nama, sanannu a cikinsu akwai hefaran salfet da hayaluronan, sai siyalik asid da ke zama a ƙarshen sarƙa. Su ke riƙe furotin na garkuwar jiki a inda ake buƙatarsu, su kuma nuna musu wanda za su ƙyale.

Idan wuri ya ji rauni ko cuta ta shiga, jiki na sakin ƙananan furotin da ake kira kemokin don su kira fararen ƙwayoyin jini. To da ba don hefaran salfet da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini ba da tuni jini ya kwashe su ya yi gaba, shi ke cafke su saboda cajin lantarkinsa da nasu kishiyoyi ne masu janyo juna, sai farin ƙwayar jini ya zo ya tarar da su, ya tsaya, ya ratsa bangon jijiya ya shiga nama, daga nan kumburi ya kankama.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne komfiliment, wasu furotin sama da 30 da ke iya huda ƙwayar cuta su fasa ta, kuma wani sashe nasu ba ya tantance na gida da baƙo. Mai taka musu birki shi ne wani furotin mai suna fakta H, yana gane siyalik asid da hefaran salfet a jikin sel ɗinmu, sai ya zauna a kai ya tsayar da harin. Idan aka gaji fakta H mai lahani, komfiliment kan afka wa ƙananan jijiyoyin ƙoda har ta daina aiki. A 2005 kuma aka gano alaƙar wani nau'in fakta H da lalacewar tsakiyar gani a wajen tsofaffi, daga baya aka ga wannan nau'in ba ya kama hefaran salfet na bayan ido sosai.

Ƙwayar cutar sanƙarau, wadda mutanen arewacin Najeriya da Nijar suka sani sarai lokacin zafi, tana da wani furotin da ke kwaikwayon sukarin namu, da shi take janyo fakta H jikinta komfiliment ya ƙyale ta. Wannan furotin ɗin yanzu yana cikin alluran rigakafin sanƙarau nau'in B.