Aikin Gayya na Tsaftace Muhalli

Aikin gayya na tsaftace muhalli shi ne fitowar mazauna wuri a rana ɗaya, ba don a biya su ba, su kwashe shara daga tituna, magudanan ruwa, filaye ko bakin teku. A shekarar 1986 aka fara gangamin tsaftace gaɓar teku a jihar Texas ta Amurka, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A 2008 mutane kusan 50,000 suka fito a Estoniya suka kwashe kimanin tan 10,000 na shara cikin yini guda, kuma daga wannan ne Ranar Tsaftace Duniya ta samo asali a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 20 ga Satumba a matsayin ranar. A Ruwanda kuwa ana yin Umuganda, wato aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, a Asabar ta ƙarshen kowane wata.

Kafin a sa rana, sai an tabbatar da motar da za ta kwashe abin da aka tara da jujin da za a kai shi. Nan ne aikin ya fi lalacewa. Laka da ledojin da aka yaso daga kwata aka jibge a bakinta, ruwan sama na farko ke mayar da su ciki. Shi ya sa ake barin lakar ta tsane kwana ɗaya ko biyu kawai, sannan a ɗebe. Yasar magudana kuma daga mafitar ruwa ake farawa a yi sama, don ruwan da ya taru ya sami hanya.

Ana raba jama'a rukuni-rukuni, mutum biyar zuwa goma, kowanne da jagora da iyakar wurinsa. Kayan aikin su ne safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe, takunkumi, manjagara, shebur, baro da buhuna. Ba a cika buhu har ya gagari mutum ɗaya ɗauka. Allura, reza da fasasshiyar kwalba ana zuba su a jarka mai murfi, domin suna huda buhu su soki mai ɗauka, kuma raunin da ƙasa ta shiga yana iya jawo cutar tetanus, mai sandarar da jiki. Batura da gwangwanayen maganin ƙwari ana ware su daban. Rufaffiyar magudana ba a shiga cikinta, saboda iskar guba da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙu.

Cinna wa tarin sharar wuta ba kwashewa ba ce. Roba idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba, har da sinadarin dayoksin, tokar kuma ta gurɓata ƙasa.

Yana da amfani a rubuta irin sharar da aka samu da yawanta. A gangamin bakin teku, guntun sigari na cikin abin da aka fi tsinta, kuma matacinsa roba ce, ba auduga ba. Irin wannan lissafi ke nuna inda ya kamata a ajiye kwandon shara da masu shagunan da za a yi wa magana, don wurin da ba a toshe tushen shararsa ba yakan sake cika cikin 'yan makonni.