Zaɓen Fili da Kula da Mashiga a Shaidar Gini Mai Kiyaye Muhalli

Shaidar gini mai kiyaye muhalli takarda ce da hukuma mai zaman kanta ke bai wa gini bayan ta tabbatar ba ya ɓarnar ruwa da wuta, kuma ba ya cutar da ƙasar da aka kafa shi a kai ko mutanen da ke cikinsa. Daɗaɗɗiya a ciki ita ce BREEAM, wadda aka fara a Ingila a 1990. LEED ta Amurka ta biyo baya a 1998, kuma da maki ake cin ta: daga cikin 110, maki 40 ke ba da shaidar farko, 50 matakin azurfa, 60 na zinare, 80 kuma mafi girma.

Tun kafin a haƙa harsashi ake fara lissafi. A bugu na huɗu na LEED, wanda ya fito a 2013, ana samun maki idan aka yi gini a filin da aka taɓa ginawa, ko aka kauce wa gona mai albarka, da inda ambaliya ke ci, da mazaunin dabbobin da ke neman ƙarewa. Ana so a ja da baya mita 30 daga bakin kogi ko tafki, mita 15 daga dausayi.

A karkarar Jigawa wannan ba baƙon zance ba ne. Mutanen Auyo da Ringim sun san halin kogin Haɗeja, ambaliyar 2022 kuma ta sake tuna musu. Tsofaffi kan kafa gida a tudu, su bar fadama ga shinkafa da lambu. Dausayin Baturiya ma tun 2008 yake cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. A Kano matsalar daban ce: gonakin Kura da Bunkure da ke shan ruwan madatsar Tiga su ne irin ƙasar da ƙa'idar ke cewa a bari. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai tantancewa ba ya karɓar "kowa ya san ruwa ba ya zuwa nan". Taswira yake nema da awo, su kuwa ba kowane ƙauye ke da su ba.

Batun mashiga ƙarami ne a ido. Manufarsa ita ce a tare ƙasar da ke bin takalmi kafin ta zama ƙurar da ake shaƙa. Bugu na huɗu na LEED ya nemi a tanadi matari mai tsawon aƙalla mita 3 a kowace ƙofar da ake yawan bi: ragar ƙarfe da za a iya share ƙarƙashinta, ko shimfiɗa, a riƙa tsabtace shi duk mako. Ɗan tsumman da ake ajiyewa a ƙofar asibitin ƙauye, wanda ƙafa ɗaya ke taka shi ɗayar ta tsallake, bai ko kusa ba.

Zauren gidan Bahaushe ya daɗe yana wani ɓangare na wannan aiki, haka ma cire takalma a ƙofar ɗaki ko masallaci. Amma sau ɗaya a mako, a ƙasar rairayi, ya yi kaɗan. Da hunturu ƙura kan cika ramin raga da wuri, da damina kuma laka ta daskare a shimfiɗa, sai an fito da ita an wanke an shanya.