Goge Bayanan Sirri daga Kwamfuta Kafin a Sayar da Ita

Goge bayanai na dindindin shi ne share abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta ta yadda wanda ta koma hannunsa ba zai iya dawo da shi ba, ko da ya sa manhajar tono fayiloli. Ana yin sa ne kafin a sayar da kwamfuta, ko a kyautar da ita, ko a kai ta wurin 'yan gwangwan. Ya sha bamban da gogewar yau da kullum, wadda ɓoye fayil kawai take yi daga idon mai kwamfutar. Hanyar da za a bi kuwa ta danganta da irin rumbun: faifai mai juyawa da ake kira HDD, ko kuwa na zamani marar motsi, wato SSD.

Abin da ya sa gogewar yau da kullum ba ta isa ba

Kowane rumbu yana da rajista da ke nuna sunan fayil da wurin da yake zaune. Idan mutum ya goge fayil, ya kuma zubar da kwandon shara, abin da kwamfutar ke yi shi ne cire sunan daga rajistar, ta rubuta cewa wurin ya zama fili. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya daga littafinsa ya ce akwai ɗaki, alhali kayan mutumin na nan jibge a ciki har sai sabon ɗan haya ya tare. A kwamfutar da rumbunta ke da sauran wuri da yawa, sabon ɗan hayar kan yi watanni bai zo ba.

Fomatin na gaggawa, wato sake tsara rumbu ya fito kamar babu komai a ciki, wanda masu gyara suka fi yi domin ba ya cin minti biyu, sabuwar rajista kawai yake kafawa. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda ake samu kyauta a intanet, suna bin faifan su tsinto hotuna da takardu bayan irin wannan fomatin. A Windows, sai daga Vista ne cikakken fomatin ya fara rubuta sifiri a kan dukan ɓangaren da aka zaɓa. A XP da na gabanta duba lafiyar faifan kawai yake yi.

Abin da ke saura ba ƙarami ba ne: hotunan iyali, hoton katin NIN da fasfo, takardun banki masu ɗauke da BVN, wasiƙun imel, da kalmomin sirrin da birauza ta adana ba tare da mai ita ya ma tuna ba.

Abin da aka tsinta a faifan gwanjo

Binciken da ya fi jan hankalin duniya kan lamarin shi ne na Simson Garfinkel da Abhi Shelat, ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya fito a 2003. Sun sayi faifai 158 na hannu, akasari daga shafin gwanjo na eBay da shagunan tsofaffin kaya. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran sun tono lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙu. Ɗaya daga cikin faifan ma alamu sun nuna daga cikin na'urar ATM aka ciro shi a jihar Ilinoi.

Afirka ta Yamma ta shigo labarin ne ta hanyar kayan gwanjo da ake jibgowa daga Turai da Amurka. A 2006 wani shirin BBC ya nuna faifan kwamfutocin Birtaniya a kasuwar Legas, da bayanan bankin masu su na asali a ciki. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida na jami'ar British Columbia ta Kanada suka sayi wani faifai a kan dala 40 a Gana, lokacin da suke bincike kan bolar kayan lantarki ta Agbogbloshie a Akara. A cikinsa suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Manyan bankuna ma ba su tsira ba. A Satumban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci tarar Morgan Stanley dala miliyan 35, bayan ya ba wani kamfanin kwasar kaya aikin zubar da tsofaffin na'urorinsa, faifan suka ƙare a gwanjon intanet da bayanan abokan hulɗa a ciki. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni alhakin tsare bayanan mutane da ke hannunsu, wanda ya haɗa da lokacin rabuwa da tsofaffin kwamfutoci.

Faifai mai juyawa da camfin gogewa sau 35

HDD yana ajiye bayanai ne da maganaɗisu a kan faranti masu juyawa, don haka maganinsa a fili yake: a rubuta wani abu, sifiri ko lambobin barkatai, a kan kowane gurbi daga farko har ƙarshe. Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne sau nawa.

A 1996 Peter Gutmann na jami'ar Okland a Niyu Zilan ya fitar da wata hanya mai zagaye 35. Ya tsara ta ne domin ta game nau'o'in faifai daban-daban na wancan zamani, waɗanda tuni aka daina ƙera su. Shi da kansa daga baya ya ce mutane sun mayar da hanyar tamkar tsafi, kuma faifan zamani ba ya buƙatar haka. Akwai kuma hanyar zagaye uku da ake jingina wa ma'aikatar tsaron Amurka, mai lamba 5220.22-M, wadda har gobe masu manhajar gogewa ke tallata ta. Ƙa'idar da aka fi bi yanzu ita ce ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai lamba 800-88, wadda ta fara fitowa a 2006 aka sabunta ta a 2014. Ta raba aikin gida uku: sharewa ta hanyar rubutu a kai, tsarkakewa da umarnin da ke cikin na'urar ko da maganaɗisu, sai lalatawa. A wurinta zagaye ɗaya ya wadatar ga faifan zamani.

Lissafin lokaci ma ya isa hujja. Faifai mai terabait ɗaya yakan ci awa biyu zuwa uku a zagaye guda. Sau 35 zai ci kimanin kwana uku zuwa huɗu kwamfuta na kunne, abin da mai zama da wutar NEPA ya san ba wasa ba ne. Da yawa kan fara, su gaji, su kashe a tsakiya, rabin faifan na nan da kayansa.

Manhajar da ta yi suna a wannan aiki ita ce DBAN, wadda ake ɗorawa a filas ko faifan CD a tayar da kwamfutar da ita, domin babbar manhaja, irin su Windows, ba ta iya goge wurin da take tsaye a kai. An daɗe ba a sabunta ta ba, sai nwipe da ShredOS suka gaje ta.

SSD

A nan dabarar rubutu a kai ta gaza. Ƙwayoyin SSD suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka, shi ya sa na'urar ke rarraba rubutu a ko'ina domin kada wani gefe ya riga wani mutuwa. Idan aka ce ta rubuta sifiri a kan fayil, sai ta rubuta a sabon gurbi ta bar tsohon. Tana kuma da wurin ajiya na ko-ta-kwana wanda babbar manhaja ba ta ganin sa sam. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun gwada wannan a 2011, suka ciro ƙwayoyin suka karanta su kai tsaye. Sun gano goge fayil ɗaya-ɗaya ba abin dogaro ba ne, har ma wani rumbun ya ba da rahoton cewa ya goge komai alhali bai taɓa ko ɗaya ba.

Abin da ake yi shi ne a umarci na'urar ta goge kanta, ta umarnin da masu ƙera ta suka dasa mata. Ana samun sa a manhajar kamfanin, kamar Samsung Magician, ko cikin BIOS (saitunan da ake shiga tun kafin Windows ta tashi) na wasu kwamfutocin Dell, HP da Lenovo, ko ta hdparm da nvme-cli a Linux. Hanya ta biyu, wadda ta fi sauri, ita ce ta makulli: idan tun farko an kulle rumbun da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, duk abin da ke ciki a hargitse yake, sai da makullin ake karanta shi. Da an hallaka makullin, abin da ya rage shirme ne. Sharaɗin shi ne a ce kullewar ta riga shigar bayanan.

A aikace

Kafin komai ana kwashe abin da ake so zuwa wani rumbun, a buɗe a tabbatar ya kwafu, domin abin da wannan gogewa ta share ba ya dawowa. Sannan a fita daga asusun Microsoft, Google da iCloud. A Mac wannan ya zama dole. In ba a cire ta daga asusun Apple ba, mai saye zai iya tarar da ita a kulle, ya dawo yana neman kuɗinsa.

Windows 10 da 11 suna da wurin mayar da kwamfuta sabuwa a cikin saituna. Sai an zaɓi cire komai, a kuma kunna zaɓin tsabtace rumbun, wanda a kashe yake zuwa. Shi ne ke sa aikin ya ɗauki sa'o'i. Microsoft ta ce wannan na masu amfanin gida ne, bai kai ma'aunin gwamnati ko masana'antu ba. Mac masu guntun T2 ko jerin M suna da maɓallin goge komai tun daga macOS Monterey na 2021, kuma makullin yake hallakawa. A Chromebook ana kiran abin Powerwash. Bayan an gama, gwaji mai sauƙi shi ne a saki PhotoRec a kan rumbun a ga ko zai tsinto wani abu.

Kwamfutar da ta mutu ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma rumbunta sau da yawa lafiyarsa lau, kuma mai saye zai iya ciro shi ya jona a wata. Irin wannan ana kwance rumbun ne a sayar da gangar jikin. Idan HDD ne, ana huda farantan da na'urar huda ƙarfe a wurare da dama, ko a farfasa su. Na laftof da yawa gilashi ne, suna tarwatsewa, don haka ana kare ido. Manyan ma'aikatu na amfani da injin maganaɗisu mai ƙarfi ko injin niƙa. Maganaɗisu ba ya yi wa SSD komai, sai an bi ƙananan baƙaƙen guntayen da ke kan allonsa an fasa su ɗaya bayan ɗaya.