Biyel a injin tarakta

Biyel, wanda makanikai a Najeriya ke kira kwanrod, shi ne ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf a cikin inji. Sunan daga Faransanci ya fito, shi ake ji a garejojin Garwa, Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru. Aikinsa shi ne mai da hawa da saukar fistan su zama juyi. Yana da kai biyu: ƙarami, inda fin ɗin fistan ke ratsawa, da babba mai murfi, wanda ke rungumar karanshaf, da kusine, wato siririn ɓawon ƙarfe mai santsi da ke rage gogayya, a tsakanin babban kan da karanshaf.

Murfi da jikin biyel tare ake huda su a masana'anta, saboda haka murfin wani ba ya zama daidai a kan wani, ko da ido bai ga bambanci ba. A injunan Perkins da ke cikin Massey Ferguson, irin su mai silinda uku na MF 135, akan sami lamba a jiki da kuma a murfi, kuma gefe guda lambobin za su kalla. In babu, sai makanike ya buga tasa tun kafin ya kwance. Wasu sababbin injuna, kamar na John Deere, tsaga murfin ake yi daga jikin. Irin wannan ko ƙwayar yashi ta shiga tsagar, ba zai ƙara zama daidai ba, abin da ba ƙaramar matsala ba ce ga garejin da ke fili lokacin hunturu.

Idan za a canza guda ɗaya, dole nauyinsa da tsawonsa su yi daidai da sauran. Bambancin nauyi yana kawo girgiza, na tsawo kuma yana canza matsin silinda. A nan ne na gwanjo ke yaudara, don lanƙwasa kaɗan ba ta ganuwa sai an gwada. Ruwan da ya shiga silinda kan lanƙwasa biyel, domin ruwa ba ya matsuwa. Taraktocin da ke aiki a gonakin shinkafa na Yagwa da Maga a Kamaru sun fi kusa da wannan haɗari.

Wajen ɗaurawa, bayan kusine a bushe yake zama, fuskarsa kaɗai ake shafa wa mai. In an wanke karanshaf, wato an goge shi da na'ura an rage kaurinsa, sai a sa kusine mai ƙarin kauri da ya dace da abin da aka rage, galibi milimita 0.25 ko 0.50. Alamar da ke kan fistan galibi gaban inji take kallo. Ana ɗaure kusoshi da sifana mai awo bisa adadin da kamfani ya rubuta, ba da kimar hannu ba, kuma wasu kusoshin sau ɗaya ake amfani da su. Duk biyel da aka ɗaure, sai a juya karanshaf da hannu. In ya cije, a kwance wannan ɗin a duba kafin a taɓa na gaba.